Azumin da Aka Raba Ni da Ajina

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar bazara, irin zafin nan na N'Djamena da mutum ke ɗora hannu a ƙofar ƙarfe ya janye ba shiri. Jiya da la'asar ina zaune a tsakar gida ina tace zoɓo, sai ga 'yar maƙwabciyata ta dawo daga makarantar da take koyarwa, leɓɓanta duk sun tsage, ta zube a tabarma. Wai shugabarsu ta turo saƙo a waya cewa duk malamar da ba ta jin daɗin jikinta ta cike takarda ta kai ofis. Na tambaye ta ko ta cike. Ta ce, "Hajja, in rubuta me?" Nan take hankalina ya tafi wani azumin, sama da shekara talatin baya, wanda shi ma ya zo a irin wannan zafi.

Mu jikokin Hausawan nan ne da suka taso da niyyar Makka, tafiya ta tsaya musu a nan. Gidanmu gidan fawa ne, gidan mijina kuma na fataucin shanu. Ni ce mace ta farko a danginmu da ta yi lekol, wato makarantar boko, har ta zama malama, kuma ina ji da wannan fiye da yadda ya kamata. A farkon shekarun casa'in muna zaune a Boutalbagar, lokacin unguwar ba ta cika ba, gida nan gida can, tsakaninsu fili da ƙaya. Da safe ina koyar da aji ɗaya a makarantar gwamnati ta unguwa. Da yamma in hau kar, 'yar ƙaramar motar haya, in tafi wata makarantar kuɗi a unguwar Sabangali, in yi wa 'yan aji shida bitar jarrabawa. Albashin gwamnati a lokacin yana zuwa ne ran da ya ga dama, shi ya sa kusan kowane malami ke da ƙafa biyu.

A wannan azumin ina da ciki wata uku, kuma shi ne na uku. Na farko da na biyu duk sun zube kafin su kai wata huɗu. Na farkon ma, don rawar kai irin ta 'yar boko, na faɗa wa ƙawaye tun bai zauna ba, da ya zube tsofaffi suka ce baki ne. To a wannan karon na ɗinke bakina. Ga kunya, don a wajenmu mace ba ta buɗa baki ta ce tana da ciki, balle wadda ba ta taɓa haihuwa ba, balle a gidan suruka. Ga kuma tsoro, wanda ya fi kunyar yawa. Ni ba jahila ba ce, na san addini ya yi wa mai ciki rangwame. Amma a gidan da mata shida ke girki a murhu ɗaya, ranar da aka ga na kai ruwa baki da rana, ranar kowa ya sani. Sai na ɗauki azumi tare da kowa. Maigidana ma bai sani ba, yana can kasuwannin shanu na gabas sai Sallah.

Haka kwanakin suke tafiya. Mu yi sahur da ɗumamen tuwo da miyar busasshiyar kuɓewa, in ɗura ruwa har cikina ya yi nauyi, wai ko zai kai ni azahar. Ba ya kaiwa. Bayan asuba mu matan gida mu ja ruwa a rijiya mu cika randuna tun ƙasa ba ta ɗau zafi ba, surukata, wadda muke kira Inna, tana zaune tana tsince gero. Daga nan in ɗaura zani in kama hanya. Kafin in isa makaranta gumi ya jiƙa bayana, alhali rana ko tsawon mashi ba ta yi ba.

Makarantar ba ta da katanga. Ajujuwa biyu ne na bulo, sauran rumfuna ne na zana. Nawa na zana ne da rufin tsohon kwano, yara sun haura ɗari, a ƙasa suke zama, kowa da ɗan allonsa a cinya. Wajen ƙarfe goma kwanon nan ya fara ƙara yana amayo zafi a kanmu. Aji ɗaya kuwa da murya ake koyar da shi. Ka faɗa da ƙarfi su maimaita, ka sake faɗa su sake maimaitawa, ga mai kuka, ga mai fitsari, ga wanda barci ya kwashe. Amma ina son ajin nan. Ina alfahari da cewa yaron da ya zo ba ya jin ko kalma ɗaya ta Faransanci, a hannuna yake fara karanta sunansa.

Shugabanmu Musyu Toma ne, mutumin kudu, Kirista, dogo siriri mai tsohon keke. Ba shi da fara'a, ba ya kuma hira. Shi ke koyar da aji shida da kansa, don ba mu da isassun malamai. Kowace safiya yakan tsaya a gindin darbejiyar da aka rataye ƙarfen tayar da muke bugawa a matsayin ƙararrawa, ya ciro alli daga aljihun rigarsa, ya ba kowane malami guda biyu. Biyun nan su ne na yini.

To ga abin kunyar da zan faɗa yau bayan shekaru. Cikin nan ya sa mini kwaɗayin alli. Tun kafin azumi, in na juya wa yara baya ina rubutu, sai in gutsura in tauna, garɗinsa yana mini daɗi har cikin kai. Da azumi ya kama sai in ɓoye guntu a gefen zani, in ci bayan shan ruwa. Kullum kafin a tashi allina ya ƙare, in aika aro ajin kusa. Wata safiya da yake miƙo mini nawa, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Madam Rabi, alli yana saurin ƙarewa a ajinki." Na ce yarana suna da yawa. Ya ce haka ne.

Ran uku ga azumi ya tara mu a gindin bishiya. Ya ce daga gobe za a shiga aji da sassafe a tashi ƙarfe goma sha ɗaya, kuma duk malamin da ya gaji ya zauna ya koyar, ba laifi ba ne. Kowa ya yi murna. Sannan ya ce akwai aikin kwafe sunayen 'yan jarrabawa da takardun haihuwarsu, da ɗinke littattafan karatu da suka yage, kuma rubutuna ya fi na kowa kyau, saboda haka na bar aji ɗaya zuwa wani lokaci, shi zai riƙe shi tare da nasa.

Wallahi ji na yi kamar ya mare ni a gaban mutane. Na tabbata maganar allin ce. Ya ɗauke ni ɓarauniya, bai iya faɗa ba, ya ɓullo ta nan. Wata zuciyar kuma ta ce dama can bai taɓa yarda 'yar mahauta ta iya koyarwa ba. Na ce "To, Musyu Direkta," da muryar da ta fi zagi ciwo. Daga ranar gaisuwata gare shi ta koma kalma ɗaya, ita ma ina kallon gefe.

Wurin da ya ajiye ni ɗakin ajiya ne da ke manne da ajinsa, ɗan ƙarami, na laka, mai kaurin bango da ƙofar katako. Duk makarantar babu inda ya kai shi sanyi, amma a lokacin ban ga wannan ba, kurkuku na gani. Ya sa mini kujerarsa, wadda ita kaɗai ce mai jingina a makarantar. A lungu kuma ga sabuwar randa cike da ruwa, an rufe da faifai, da moɗa a kai. Ya ce ta yayyafa wa ƙasa ce saboda zafi, kuma ya hana kowa shiga ɗakin don kada a taɓa takardun jarrabawa, in rufe ƙofa in na shiga. Na dubi randar nan, gefenta ya yi raɓa, ƙamshin sabuwar laka yana tashi. Sai haushi ya ƙara kama ni. Mutumin da ba ya azumi, me ya sani? Ko gwada ni yake yi? Na juya kujerar na ba randar baya.

Ta bango ina jin sa. Ya ba 'yan aji shida aiki, ya ruga rumfata ya yi ta ihu da yarana, ya dawo da gudu. Bai iya waƙoƙin da nake koya musu ba, yana rera su a karkace yara suna dariya, ni kuma ina ɗinkin littafi ina jin daɗin muguntar. Kafin mako biyu muryarsa ta dushe, sai ya koma buga sanda a ƙasa.

Sabangali kuwa wata duniya ce. Bene mai hawa ɗaya kusa da kogi, fanka a kowane aji, alli a kwali, mai sanyaya ruwa a ofis. Ta tagar sama ana hango kogin Chari ya janye ya bar yashi fari, mutane na tsallakawa da ƙafa a wasu wuraren. Shugabar, wadda kowa ke kira Madam, mace ce mai tsari da ta yi karatu a waje. Ba muguwa ba ce, ina so a ji wannan. Tana da doka a rubuce a bango: malamar da ke da ciki ko rashin lafiya ta sanar da ofis, a rage mata awoyi, a ba ta ajin ƙasa da kujera. Sauran malamai kuwa a tsaye suke koyarwa, don iyayen yara suna leƙowa, kuma ba sa son ganin wanda suke biya a zaune.

Wata rana na hau matakala na tsaya ina haki, sai ta kira ni ofis. Sakatariyarta na zaune tana buga takarda, ƙofa a buɗe. Ta ce da ni cikin kulawa, "Rabi, ciki gare ki? Faɗa mini kawai, in gyara miki jadawali." A rayuwata ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya ido da ido, ko uwar da ta haife ni. Na ce a'a, azumi ne kawai. Ta dube ni, ta yarda, don ita a wajenta babbar mace in ta ce a'a to a'a ne. Har ta ce tunda na ce a makarantar safe an sauke mini aji, ga wata awa ta ƙara mini, kuma in na so, shekara mai zuwa in dawo wajenta gaba ɗaya. Na fito ina jin an san darajata. Na ƙudurta bayan Sallah zan bar wa Musyu Toma makarantarsa.

In na dawo gida rana ta yi ja, sai a shiga hidimar buɗa baki. Wata na dama kunu, wata na kan shorba, romon buɗa baki, ni nawa zoɓo ne, wanda a nan muke ce wa karkanji. Ƙanƙara sai an aika har bakin kwalta, a naɗo ta cikin buhu, kafin ta iso rabi ya narke. Tsuntsaye ma a lokacin saukowa suke bakin rijiya baki buɗe. Inna takan miƙo mini kofin farko kafin kowa, ta ce malamai sun fi shan magana. Ba ta taɓa ƙara komai a kai ba, ni ma ban taɓa ɗaga ido ba.

Ran sha tara ga wata aka ɗauke wuta a Sabangali. Fankoki suka tsaya, benen ya zama tanderu. Na yi awa uku a tsaye. Wajen ƙarshe na ji wani ciwo ya ɗaure mini ƙugu ta baya, ciwon da na sani, don sau biyu ya taɓa zuwa mini. A cikin kar na dinga karanta duk addu'ar da na iya. A gida ban faɗa wa kowa ba. Da asuba na sake ɗaukar azumi, kuma har yau in na tuna wannan sai in ji haushin kaina.

Wajen ƙarfe goma, a ɗakin ajiya, na miƙe zan ɗauko zare sai na ji ɗumi. Na duba zanina, na ga jini, ba mai yawa ba. Na rarrafa zuwa randar nan da na yi kwana goma sha shida ina ba wa baya, na buɗe faifan, na sha. Na sha moɗa uku ina kuka, ruwa na zuba a ƙasa har ya gangara ta ƙarƙashin ƙofa. Ruwan sabo ne, mai sanyi. Ashe kullum sai Musyu Toma ya zubar ya sake kawo wani a kan kekensa.

Ina jin sandarsa ta daina bugu. Takunsa ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Bai buɗe ba. Ya yi magana da Larabcin gari, ba Faransancin aiki ba, da wannan dusasshiyar muryar.

"Madam Rabi, ba zan shigo ba, ba kuma zan tambaye ki komai ba. Matata ta cinye mini alli sau uku. Biyu ba mu gan su ba. Na ukun yaro ne, yana aji huɗu." Sannan ya ce, "Zauna inda kike. Zan kawo mota."

Kunya ta rufe ni, ba ta cikin ba, ta abin da na yi ta saƙawa a kansa. Ya kira matar da ke sayar da gyaɗa a bakin makaranta ta shigo ta riƙe ni, shi kuma ya hau keke cikin ranar nan har bakin kwalta ya zo da taksi. Ya kora yara duka cikin aji don kada su gani. Da ake sa ni a mota ya tsaya nesa, ya ce da mai gyaɗar, ba da ni ba, a gaya mini kada in sake tunanin makaranta, aikin takardu ya aike ni yi a gida, haka zai rubuta.

Ungozomar asibitin unguwa ta duba ni ta ce bai fita ba tukuna, amma yana bakin ƙofa. Ta yi mini faɗa sosai. Ta ce kwanciya, ruwa, abinci, ko tsintsiya kada in ɗaga. Da aka kawo ni gida da rana tsaka, Inna ta dubi fuskata, ta dubi zanina, ba ta yi tambaya ba. Ta hura wuta da kanta, tana azumi, ta dama kunu ta kawo har gado. Ta ce da ƙarfi yadda duk matan gida za su ji, "Mai ciwon kai ba ya azumi." Shi ke nan, sunan abin ya zama ciwon kai. Har maigidana da ya dawo ran jajibirin Sallah, sannu da ciwon kai ya yi mini, yana murmushi yana kallon ƙasa.

Madam ta zo duba ni, motarta ta kafe a yashin lungunmu sai da aka tura. Ta kawo madara da magunguna, ta zauna a tabarma da takalmanta masu tsini. Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Ai na tambaye ki, Rabi." Na ce haka ne, Madam. Gaskiyarta ce, ta tambaya, kuma da na faɗa da ta yi duk abin da dokarta ta ce. Na rasa yadda zan yi mata bayanin cewa tambayar ce ba ta amsuwa. Ta gaya mini, tana ba da haƙuri, cewa ta riga ta ɗauki wani malami, don jarrabawa ta matso kuma iyaye ba za su jira ba. Ban riƙe ta a zuciya ba. Ita ma akwai waɗanda take tsoro.

Na yi wata biyu a kwance, ina ƙirga azarar ɗaki, ina jin tsoron duk wani motsi na cikina. Zafi ya kai ƙarshensa, dare da rana ɗaya, har wata la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso, aka sako ruwan farko. Ƙamshin ƙasa ya shigo har inda nake. A makon ne na fara jin abin yana motsi, kaɗan, kamar kifi a kwano.

Labarin makaranta a bakin mai gyaɗa nake ji. Ita ta gaya mini sufeton makarantu ya zo ba sanarwa, ya tarar da aji ɗaya ba malama, a littafin zuwa aiki kuma an rubuta ina bakin aiki kullum. Wai an daɗe ana magana a ofis, Musyu Toma bai faɗi dalili ba, ya ce shi ya aike ni, laifin nasa ne. Da aka yi dogon hutu sai aka ji an mayar da shi wani ƙauye can kudu. Wasu sun ce saboda wannan ne, wasu sun ce dama ya daɗe yana neman komawa kusa da gida. Ban san gaskiyar ba. Na yi ta cewa in na tashi zan je in gaishe shi gaisuwa ta mutunci, in ba shi haƙuri, amma ungozoma ta hana ni doguwar tafiya, ni kuma ina ganin akwai lokaci.

Na haihu bayan ɗaukewar ruwa, kogi a cike, ana yankan gero a bayan gari. Mace ce, ƙarama, amma da ta buɗe baki har waje aka ji ta. 'Yar fari ce, don haka ba zan faɗi sunanta ba. Ran suna Inna ta ware cinyar rago guda ta ce a kai wa direkta. Maigidana ya ɗauka ya je gidan da yake haya, ya tarar da wasu mutane a ciki. Sun tashi tun tsakiyar damina, ba wanda ya san sunan ƙauyen daidai. Na rubuta wasiƙa biyu na ba direbobin manyan motoci masu zuwa kudu, ba amsa.

Yarinyar ta girma, ta yi aure, 'ya'yanta uku. Shi kuwa Musyu Toma, ganinsa da ni na ƙarshe shi ne ana sa ni a taksi da jini a zanina, kuma mutum ne da ya san yadda irin wannan ke ƙarewa. Har yau ban sani ba ko wani ya gaya masa cewa ta rayu.